Safar Hannu, Igiya da Analog: Waiwaye Kan Alhakin Masu Ƙera Fad

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem ya san ba na'urar ce ke fara mutuwa ba, fad ne, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan. Ita na'urar tana can a ajiye, ba mai taɓa ta sai in za a kunna ko a kashe. Shi kuwa fad, shi ke shan gumin tafin hannu, shi ake dannawa, a murɗa, a finciko wayarsa, wani lokaci ma a doka shi da ƙasa in an zura wa mutum ƙwallo ana dab da tashi. Don haka in ya lalace, magana mafi sauƙin faɗa ita ce hannun mai wasan ne ya yi nauyi. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan kaya sun haura shekara 40 suna fakewa da wannan magana, kuma ba kullum ne suke ƙarya ba. Sai dai akwai tambayar da ta ƙi kwanciya tun zamanin Atari: in wasan da aka sayar maka shi da kansa ya ce ka murɗa, ka girgiza, ka wurga hannu iya ƙarfinka, wa ya kamata ya ɗauki asarar abin da ya biyo baya?

A farkon shekarun 1980 ba wanda ya ba tambayar wani nauyi. Atari ya fitar da na'urarsa mai lamba 5200 a 1982 da wata sandar sarrafawa da ba ta komawa tsakiya in an sake ta, maɓallanta kuma ba sa jimawa suke daina amsawa. Mutane suka yi ƙorafi, abin ya tsaya a ƙorafin. A 1983 Activision ya kawo wasan guje-guje da tsalle-tsalle mai suna Decathlon, a 1984 kuma Ocean na Ingila ya fitar da irinsa da sunan zakaran nan Daley Thompson. Yadda ake sa ɗan tsere ya yi gudu a cikinsu shi ne a yi ta kaɗa sandar hagu da dama, wanda ya fi saurin kaɗawa ya ci. Sanduna suka yi ta karyewa a gidaje, abin ya zama na raha: yaro ya karya, uba ya yi faɗa, a sayo wata. Ga shi kuma mai tsara wasan daban, mai ƙera sandar daban, kowa na iya nuna ɗan'uwansa da yatsa.

A Japan an ga wata hanyar. Nintendo ya fitar da Famicom a watan Yulin 1983, ba a je ko'ina ba aka gano wasu na'urorin suna sandarewa ana tsakar wasa saboda matsala a kayan cikinsu. Shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya sa aka janye su daga kasuwa a daidai lokacin cinikin ƙarshen shekara. Fad ɗin farko na Famicom ma yana da maɓallai na roba masu kusurwa huɗu da ke maƙalewa in an danna, ga shi an haɗe shi da jikin na'urar, ba a cire shi. Aka maye gurbinsu da zagayayyu masu tauri. Ba kotu ce ta sa ba, ba hukuma ba. Lissafin ɗan kasuwa ne da ya san sabon suna ba ya jure tabo.

Waɗanda suka fara rubuta abin da fad ke yi wa jikin mutum likitoci ne. A 1981 mujallar New England Journal of Medicine ta buga wasiƙa kan ciwon wuyan hannu da ke kama mai buga Space Invaders, a 1990 kuma ta buga ta wani likita kan ciwon babban yatsa bayan an shafe awanni ana danna maɓallin Nintendo. A 2002 likitocin wani asibitin yara a Liverpool suka ba da labari a mujallar BMJ na yaro ɗan shekara 15 da hannuwansa ke yin fari su kumbura in ya ji sanyi, su yi ja da zugi in sun ɗumama, alamar da aka saba gani a jikin ma'aikatan da ke wuni riƙe da inji mai karkarwa. Yaron yakan kai awa 7 a rana a kan PlayStation da fad mai jijjiga. Amsar kamfanoni ga irin wannan ita ce takardar gargaɗi: a huta minti 10 zuwa 15 duk bayan awa guda, in an ji zafi a dakata. Shawara ce mai kyau, amma kowa ya san wa take karewa. Yaron da ya buɗe sabon kwali ba ya karanta ƙananan rubutu, lauyan kamfani kuwa ba ya mantawa da su.

Inda takardar ta fara gazawa shi ne a kan Mario Party. Wasan ya fito a na'urar Nintendo 64, a Japan a ƙarshen 1998, a Amurka a farkon 1999. Tarin ƙananan gasa ne da mutum huɗu ke fafatawa, a cikin wasunsu kuma, irin jan igiya da tuƙa kwalekwale, mai saurin juya sandar analog shi ke yin nasara. Sandar Nintendo 64 siririya ce, ta roba mai tauri, an yi wa kanta zobe-zobe don kada yatsa ya zame. Yara ba su daɗe ba suka gano babban yatsa ba shi da sauri. In kana son ci, kifa tafin hannu za ka yi a kan sandar ka yi ta murzawa. Sai ga bororo a tsakiyar tafi, ga saɓulewar fata, wasu har da yanka. Ita ma sandar ba ta tsira ba, domin a cikinta roba ce ke gugar roba har ta niƙe ta zama farin gari, sandar ta saki ta koma lagwai-lagwai.

Ofishin babban lauyan gwamnatin jihar New York, wanda Eliot Spitzer ke riƙe da shi a lokacin, ya shiga maganar, a watan Maris na 2000 aka sasanta. Nintendo ya yarda zai aika wa duk gidan da ya sayi wasan safar hannu, har guda 4 ga gida ɗaya, in an nuna shaidar saye, ya kuma biya jihar dala 75,000 kuɗin bincike. Jaridu suka ɗauko adadin dala miliyan 80 suka yi ta kambamawa, alhali wannan shi ne abin da kamfanin zai kashe in duk waɗanda suka sayi wasan, kimanin miliyan 1.2, suka nemi safar gaba ɗaya. Ƙorafin da ya isa ga kamfanin bai kai 100 ba.

A ganina wannan 'yar taƙaddamar ce ta shata layin da aka bi daga baya. Nintendo yana da abin faɗa, tunda bai ce kowa ya sa tafin hannu ba. Amma wanda ya tara yara huɗu ya ce mai saurin juyawa shi ne gwani ya san ba a hankali za su juya ba. Masana shari'a ba sa tsayawa ga yadda mai ƙera kaya ya so a yi amfani da su, suna duba har yadda duk mai hankali zai hango za a yi amfani da su. Tushen wannan tunani ya girmi wasan bidiyo nesa ba kusa ba. Ɗaliban lauya a Najeriya ma suna karanta shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, wadda ta samo asali daga dodon-koɗi da aka ce an tarar a kwalbar abin sha a Scotland, inda aka kafa cewa mai ƙera kaya yana da nauyin kula da wanda zai yi amfani da su, ko da ba a hannunsa ya saya ba. Amma dubi yadda sasancin ya kasance: ba a janye wasan ba, ba a sauya sandar ba. An bar abin da ke cin hannu yadda yake, aka lulluɓe hannun. Gyaran gaske shiru aka yi shi, domin Mario Party 2, wanda ya riga sasancin fitowa, ba shi da irin wannan gasa. Da aka dawo da jan igiyar a Mario Party Superstars a 2021, sai da aka rubuta a allo cewa kada a juya da tafin hannu.

Shekara shida da 'yan watanni bayan maganar safa, sai ga irinta ta sake tasowa, wannan karon a falon manya. Na'urar Wii ta Nintendo ta shiga kasuwa a watan Nuwamban 2006 da fad mai kama da rimot ɗin talabijin, wanda ake kaɗawa a iska a buga tanis ko dambe ko a gangara ƙwallo. Tallace-tallacen kamfanin ma abin da suke nunawa ke nan, iyali a tsaye suna ta wurga hannu. An haɗa rimot ɗin da igiyar da ake zurawa a wuyan hannu, amma zaren da ya haɗe igiyar da jikin rimot siriri ne ƙwarai. Tafi ya yi gumi, rimot ya suɓuce, zaren ya tsinke, sai a ji tarwatsewar gilashi. A lokacin kuwa talabijin mai shafaffen allo sabon yayi ce, kuɗinta ba na wasa ba ne. Hotunan fasassun talabijin da tagogi da kumburarrun fuskoki suka cika intanet.

Ranar 15 ga Disamba, ko wata guda ba a cika ba da fara sayarwa, Nintendo ya ce zai musanya igiyoyi miliyan 3.2 kyauta, ya ƙara kaurin zaren daga milimita 0.6 zuwa milimita 1. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta fitar da sanarwa kan kimanin miliyan 2 da ke ƙasar. Duk da haka kamfanin ya dage cewa wannan ba janye kaya ba ne, igiyar ta ci duk gwajin da aka yi mata, matsalar ita ce mutane na wuce gona da iri suna sakin rimot. Shugabansa na lokacin, Satoru Iwata, ya ce zumuɗin jama'a ya zarce yadda suka zata. Aka shawarci kowa ya riƙa goge gumi, ya bar fili tsakaninsa da kayan ɗaki.

Wannan hujjar ba ta taɓa gamsar da ni ba. Igiyar ba ta da wani aiki sai ranar da hannu ya saki. In ta tsinke a ranar, to a aikinta guda ɗaya ta gaza. Kamar mai sayar da igiyar guga ne ta tsinke a rijiya, ya ce ai kai ka cika gugan da ruwa. Kafin watan ya ƙare an shigar da ƙarar taron dangi, wato ta masu saye da yawa a dunƙule, a kotun tarayya da ke jihar Washington. A 2007 aka sake fasalin igiyar aka sa mata maƙulli, a watan Oktoba kuma aka fara raba wa rimot ɗin rigar roba mai laushi kyauta, kusan duk wasan da aka kunna sai ya fara da hoton da ke tuna wa mutum ya ɗaura igiya. An ba da igiya, an ba da riga, amma kalmar aibi ba ta fito daga bakin kamfanin ba. A cikin shekarar ne ma Microsoft ya sanar cewa sitiyarin wasan tseren mota na Xbox 360 zai iya yin zafi har ya yi hayaƙi in an jona shi da wutar bango, ya yi tayin gyara kyauta.

Duk waɗannan suna da abu guda: akwai jini, ko hayaƙi, ko fasasshen gilashi, abin da za a ɗauka a hoto, abin da hukumar kare lafiya ke da hurumin tsoma baki. Shi ya sa ba a cika jan lokaci ba. Lalacewar da ba ta jikkata kowa sai aljihu, ita ce ta ɗauki shekaru.

Na'urar Switch ta Nintendo ta fito ranar 3 ga Maris 2017 da ƙananan fad guda biyu masu suna Joy-Con da ake zarewa daga gefenta. Ba a jima ba masu ita suka fara ganin mutumin da ke cikin wasa ya kama tafiya shi kaɗai ba wanda ya taɓa analog, ko hoton ya yi ta juyawa ba dalili. Abin da ke faruwa a ciki ba asiri ba ne. A ƙarƙashin sandar akwai ɗan ƙarfe da ke gogar wani shafi mai baƙin shafe, daga inda ƙarfen ya tsaya na'urar ke gane inda aka karkata sandar. Yau da gobe shafen ya cinye, garinsa da ƙurar waje su taru, na'urar ta fara karanta motsin da ba a yi ba. Sabbin Joy-Con guda biyu kuwa a lokacin dala 80 ake sayar da su a Amurka.

Fiye da shekara biyu kamfanin bai ce uffan a bainar jama'a ba. Sai a watan Yulin 2019, da aka shigar da ƙarar taron dangi a Amurka, 'yan jarida suka samo wata takardar cikin gida da ke umartar ma'aikata su riƙa gyara kyauta ba tare da tambayar garanti ba, su kuma mayar wa waɗanda suka riga suka biya kuɗinsu. A watan Yunin 2020 shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya ba masu saye haƙuri a taron masu hannun jari, ya ƙi ƙara komai saboda magana na gaban kotu. Amma ita kotun ba ta kai ga duba sandar ba. A cikin doguwar yarjejeniyar da mutum ke danna amincewa ranar da ya fara kunna na'urar, akwai sharaɗin cewa ya yafe haƙƙin shiga ƙarar taron dangi, in yana da kuka sai ya je shi kaɗai gaban mai sasanci. A 2020 alƙali ya tura masu ƙarar can. Wasu iyaye suka gwada wata dabara, suka ce 'ya'yansu ne masu na'urar, yaro kuwa yarjejeniya ba ta ɗaure shi. Kotun tarayya a Kalifoniya ta ce iyayen ne suka saya, su ne masu kaya. Zuwa 2024 an rufe manyan ƙararrakin ba tare da wani alƙali ya ce sandar na da aibi ko ba ta da shi ba.

A Turai abin ya bi wata hanya, domin can ƙungiyoyin masu saye ke da haƙora. Faransa ta yi doka a 2015 da ta mai da gangancin gajarta ran kaya laifi, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 2 da tarar yuro 300,000. A ƙarƙashinta ƙungiyar UFC-Que Choisir ta kai ƙarar Nintendo a watan Satumban 2020, bayan binciken da ta sa aka yi ya nuna saurin cinyewar kayan ciki da kuma kafar da ƙura ke shiga. A watan Janairun 2021 gamayyar ƙungiyoyin masu saye ta Turai, BEUC, ta kai kuka gaban Hukumar Tarayyar Turai da ƙorafi kusan 25,000, ta ce a kashi 88 cikin 100 fad ɗin ya lalace ne cikin shekara biyun farko. A watan Afrilun 2023 Nintendo ya amince zai gyara matsalar kyauta a ƙasashen yankin, har da Birtaniya da Switzerland, ko garantin wata 24 ya ƙare, ko da cinyewar yau da gobe ce ta jawo. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi duk sauran muhimmanci, domin shi ne ya toshe ƙofar da aka daɗe ana fita ta cikinta. Daga fitowar na'urar zuwa wannan alkawari shekara shida ke nan. Igiyar Wii ko wata guda ba ta ɗauka ba.

Kada a ɗauka Nintendo kaɗai ke cikin wannan kwale-kwalen. An kai Microsoft ƙara a 2020, a watan Oktoban shekarar ya tsawaita garantin fad ɗinsa na Elite Series 2 daga kwana 90 zuwa shekara guda. Fad na dala 180 fa, da garantin wata uku. An kai Sony a watan Fabrairun 2021 kan fad ɗin DualSense na PlayStation 5. Masu kwance kaya na iFixit suka buɗe shi suka tarar da analog ɗin kamfanin Alps, irin wanda ke cikin fad ɗin PlayStation 4 da Xbox One, wanda takardar mai ƙera shi ta ƙiyasta masa juyi miliyan 2. Da suka auna da yadda ake motsa sanda a wasan harbe-harbe, sai lissafin ya ba su kusan awa 417, wato mai buga awa 2 a rana zai cinye su cikin wata 7. Ba wai a ranar zai mutu ba, amma iyakar abin da aka yi masa alkawari ke nan. Wani babban injiniyan Nintendo, Ko Shiota, ya ce a 2021 duk abin da ke gugar wani dole ya cinye, ya kawo misali da tayar mota. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai ba a taɓa rubuta wa mai saye wannan lissafin a jikin kwali ba.

Kuma ba dole ne a yi gugar ba. Akwai analog mai aiki da maganaɗisu, wanda ke gane motsi ba tare da wani abu ya taɓa wani ba, bisa abin da masanin kimiyya Edwin Hall ya gano tun 1879. Sega ya yi amfani da shi a fad ɗin Dreamcast a 1998. Yau ƙananan kamfanoni irin GuliKit da 8BitDo suna sayar da fad masu irinsa da sauƙin kuɗi. Manyan kamfanonin kuwa sun zaɓi wata hanya. Sony ya fitar da DualSense Edge a watan Janairun 2023 a kan dala 200, wanda ake zare analog ɗinsa a sa sabo na dala 20. Lalacewar ta koma haja ke nan. Microsoft ya fara sayar da kayan gyaran fad ɗinsa a 2023, wannan kam ci gaba ne. Tun 2018 ma hukumar kasuwanci ta Amurka ta gargaɗi Sony da Microsoft da Nintendo cewa sharaɗin da ke kashe garanti don mutum ya ɓalle sitika ko ya sa kayan wani kamfani ya saɓa wa dokar garanti ta 1975. Amma da jihohin Minnesota da Kalifoniya suka zo yin dokar 'yancin gyara a 2023, sai aka ware na'urorin wasan bidiyo aka ce ban da su.

Duk waɗannan alkawura da sunan ƙasa aka yi su, Najeriya da Nijar kuwa ba sa cikin jerin. Fad ɗin da ke gidajen gem namu yawanci ko na hannu ne da ya gama rabin ransa a wata ƙasa, ko jabu ne mai tambarin Sony, rasidinsa kuma, in akwai, ya ce kayan da aka saya ba a dawo da su. Najeriya tana da dokar kare masu saye da aka sa wa hannu a farkon 2019, da hukumarta FCCPC, dokar kuma ta ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci da mayar da masu aibi. Sai dai mai gidan gem da fad ɗinsa ke wucewa ta hannun yara da yawa daga safe zuwa dare, ga ƙurar hunturu, ba hukuma yake nufa ba. Wajen mai gyara yake zuwa, a kwance, a goge da sifirit, in ya ƙi a narke dalma a ciro analog daga wani mataccen fad a dasa.

Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yunin 2025. Nintendo ya ce ya sake ƙera sandar tun daga tushe, amma ya tabbatar ba mai maganaɗisu ba ce, da aka kwance ta kuma aka tarar har yanzu ƙarfe ne ke gogar shafe. Daga watan Fabrairun 2027 dokar Tarayyar Turai za ta tilasta cewa batirin da ke cikin ƙananan na'urori ya zama wanda mai kaya zai iya cirewa ya sauya da kansa, abin da zai shafi fad irin DualSense da Joy-Con masu rufaffen batir. Dokar ta batir ce kawai, ba ta taɓo maganar analog ba.